Kolkhoz: Gandun da Ba Shi da Maigida

Kalmar kolkhoz, sunan gonar tarayya ta manoma a zamanin Tarayyar Sobiyet, ba tsohuwa ba ce a bakin Rashawa, shekarunta ɗari ne da 'yan kai. Ta fito bayan juyin juya halin 1917, lokacin da sababbin masu mulki suka ɗauki ɗabi'ar gutsuro kan kalmomi biyu ko uku su liƙa su wuri guda su zama suna. Ta haka aka samu Komsomol, ƙungiyar matasan jam'iyyar gurguzu mai mulki, da Gosplan, hukumar tsara tattalin arziki. Kolkhoz ma haka aka ƙera ta: kol daga kollektivnoye, wato na tarayya, khoz kuma daga khozyaystvo. Harufan kh ɗin nan sautin خ ne na Larabci, kuma Barashe "kalkhos" yake cewa, ya danna murya a gaɓar ƙarshe. Namijin da ke cikinta kolkhoznik ne, macen kolkhoznitsa.

Rabi na biyun ne ya cancanci a tsaya a kansa. Masu fassara sukan ce khozyaystvo gona ce, amma kalmar ta fi gona faɗi. Ta ƙunshi gida da abin da ke riƙe da gidan: fili, doki, saniya, garma, rumbu, da yadda ake tafiyar da su duka. Da ita ake faɗin hidimar gida, da ita kuma ake faɗin tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya. Tushenta khozyain, maigida, mai abu, wanda in saniya ta kwana da yunwa shi za a tuhuma, in ta haihu kuma maraƙin nasa ne. A ƙauyen Rasha na da, a ce mutum khozyain ne na gari ba ƙaramin yabo ba ne. Alkawarin kolkhoz shi ne gidaje ɗari su zama gida ɗaya, kowa ya zama maigida a cikinsa. Abin da ya faru kuwa, an tara dukiyar wuri guda, aka nemi maigidan a ƙauyen aka rasa, domin mai faɗa a ji yana ofishin jam'iyya na gunduma, shi ma umarni yake jira daga Mosko. Duk ma'anar da kalmar ta ɗauka daga baya, ta yabo da ta zagi, daga wannan giɓin ta fito.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fassara ta da gonar gwamnati. Gonar gwamnati tana da nata sunan, sovkhoz, daga sovetskoye khozyaystvo. Mai aiki a sovkhoz ma'aikaci ne kamar na masana'anta, yana da albashinsa ko gona ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ita kolkhoz doka ta ɗauke ta ƙungiyar manoma ce waɗanda suka shiga da ra'ayin kansu, suke zaɓen shugaba a babban taro, suke raba abin da suka samu. Filin na ƙasa ne, tun da dokar 1917 ta soke mallakar fili, amma dabbobi da gine-gine da amfanin gona na ƙungiya ne. Wannan bambancin yana da nauyi, sai dai ba manoma ya amfana ba. Da yake su ne "masu abu", gwamnati ba ta ɗauki alhakin biyansu ko sisi ba. In shekara ta yi kyau ta ɗebi rabonta, in ta ɓaci ma ta ɗebi rabonta, asarar ta faɗa kan 'yan ƙungiya.

A shekarun 1920 akwai irin waɗannan ƙungiyoyi kashi uku. Akwai wadda noma kawai ake yi tare, kowa ya riƙe dokinsa. Akwai kommuna, inda har tukunya ɗaya ake ci. A tsakiya akwai artel, wadda daga baya ta zama ita ce kolkhoz ɗin da kowa ya sani. Duka-duka a 1928 ba su kai kashi 2 cikin ɗari na gidajen manoma ba, kuma yawancin waɗanda ke ciki talakawa ne da suka ga tarayya ta fi musu.

Hatsi ne ya sauya komai. A hunturun 1927 zuwa 1928 gwamnati ta kasa sayen abin da take buƙata, domin farashin da ta yanka ya yi ƙasa, kuma ko manomi ya sayar babu kayan masarufin da zai saya da kuɗin. Sai ya bar hatsinsa a rumbu, ko ya ciyar da dabba da shi. Shi kuwa Stalin, jagoran ƙasar, gina masana'antu yake so cikin gaggawa, yana buƙatar burodi mai arha ga ma'aikatan birni, da alkamar da zai fitar waje ya sayo injuna. Bin gidaje kusan miliyan 25 ɗaya bayan ɗaya ana ƙwatar hatsi aiki ne mai wuya. In aka tattara su a gonaki dubu 200 da 'yan kai, kowace da rumbu ɗaya da shugaba ɗaya da za a iya riƙe wa wuya, aiki ya yi sauƙi. Akwai aƙida a ciki, babu musu: 'yan Bolshebik, wato 'yan gurguzun da ke mulki, sun yi imani da gaske cewa babbar gona mai tarakta ta fi ƙaramar gona mai doki, kuma ƙaramin manomi mai kai hatsi kasuwa shi ne irin da jari-hujja ke tsirowa daga gare shi. Amma saurin da aka yi, da ƙarfin tuwon da aka sa, buƙatar hatsi ce ta kawo su.

A ranar 27 ga Disamba 1929 Stalin ya shelanta kawar da kulak baki ɗaya. Kulak a Rashanci dunƙulallen hannu ne, da can mai ba da bashi da ruwa a ƙauye ake kira haka. Yanzu sai sunan ya hau kan duk mai shanu biyu, ko mai injin niƙa, ko wanda ya taɓa ɗaukar ɗan ƙwadago. Wanda talaucinsa ya fito fili har ba za a iya ce masa kulak ba, in ya ƙi shiga, shi ma an tanadar masa suna, podkulachnik, ɗan barandan kulak. A 1930 da 1931 an kwashe mutum kusan miliyan 1.8 a taragun jirgin ƙasa zuwa Saberiya da yankin Ural da arewa mai nisa da Kazakistan. An kuma turo ma'aikatan masana'antu sama da 25,000 daga birane su jagoranci ƙauyuka, da yawansu ba su taɓa riƙe garma ba. Mutumin da ya ga an fito da maƙwabcinsa da 'ya'yansa cikin ƙanƙara, an kulle ƙofar gidan, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya sa hannu.

Manoma ba su miƙa wuya salin-alin ba. 'Yan sandan ciki sun ƙirga tarzoma sama da 13,000 a 1930 kaɗai, kuma a da yawa daga ciki mata ne a gaba, su yi gungu su je garken ƙungiya, kowace ta kwance saniyarta ta ja ta gida. Amma babban martanin wuƙa ce. Maimakon mutum ya kai dabbarsa garken kowa, sai ya yanka ya ci da iyalinsa. Tsakanin 1928 da 1933 shanu da dawakan ƙasar sun ragu da kusan rabi, tumaki da awaki da kusan kashi biyu cikin uku. Wasu yanka su aka yi, wasu kuma a garken ƙungiya suka mutu saboda rashin abinci da rashin mai kula.

A farkon Maris 1930 an riga an rubuta fiye da rabin gidajen manoma cikin kolkhoz, ƙasar kuma ta ɗauki zafi. Ranar 2 ga watan jaridar Pravda ta buga maƙalar Stalin, inda ya ɗora laifin kan ƙananan jami'ai, ya ce nasara ce ta juya musu kai, ya kuma tunatar da su cewa shiga kolkhoz ganin dama ce. Manoma suka ɗauki maganar da gaske, kafin kaka adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 21. Sai aka canja dabara, aka lafta wa duk wanda ke waje harajin da ba zai iya biya ba. Zuwa 1937 kashi 93 na gidaje suna ciki. Har gobe Rashawa na da wata magana, kolkhoz delo dobrovolnoye, "kolkhoz ganin dama ce", da suke yi a duk inda aka ce wa mutum zaɓi na hannunsa alhali kowa ya san babu zaɓin.

Yadda ake biyan ɗan kolkhoz shi ne zuciyar tsarin, kuma wanda bai fahimce shi ba bai fahimci kalmar ba. Ba kuɗi ake ba shi ba, trudoden ake rubuta masa, wato ranar aiki. Ba wuni ba ne daga safe zuwa yamma, ma'auni ne: mai ƙaramin aiki na iya wuni cur ya tashi da rabin trudoden, direban tarakta ya tashi da biyu ko fiye. Da yamma shugaban aiki ya buɗe littafinsa ya ja ɗan layi a gaban sunan kowa. Manoma suka kira layukan palochki, 'yan sanduna, suna cewa don sanduna suke aiki. Nawa sanda ɗaya za ta kawo? Ba wanda ya sani sai bayan girbi. Da farko a auna rabon gwamnati, a farashin da bai kai kuɗin noman ba. Sannan a biya tashar taraktoci da hatsi, domin manyan injuna na gwamnati ne, a tashoshinta suke, aiki suke zuwa yi wa kolkhoz a biya su. Sannan a biya bashin iri, a ware irin baɗi da abincin dabbobi. Abin da ya saura a ƙasan rumbu, shi ake rabawa bisa yawan sanduna. A shekara mai albarka ya kai 'yan kilo na hatsi kan kowace rana, a mummunar shekara 'yan giram ɗari, a wasu gonakin babu ko ƙwaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1930 da 1931 Tarayyar Sobiyet ta fitar da hatsi kusan tan miliyan 5 kowace shekara zuwa ƙasashen waje. Girbin 1931 da na 1932 ba su yi kyau ba, ragin da aka yi wa rabon gwamnati kuma bai kai ko kusa da abin da zai bar wa ƙauye abinci ba. Ranar 7 ga Agusta 1932 aka fitar da dokar da ta daidaita dukiyar kolkhoz da ta gwamnati, hukuncin taɓa ta harbi, in an sassauta ɗaurin shekara 10. Mutane suka sa mata suna dokar zangarniya, domin da ita aka ɗaure iyaye mata da suka shiga gonar da aka riga aka girbe suna kala. A dubi abin da kyau: takarda ta ce hatsin nasu ne, amma in suka tsinci zangarniyarsa a ƙasa sun zama ɓarayi. A Janairu 1933 aka hana manoman Yukren da na yankin Kuban a kudancin Rasha fita neman abinci. Yunwar ta ci mutum sama da miliyan 5 a faɗin tarayyar, kusan miliyan 4 a Yukren kaɗai. A Kazakistan, inda aka tilasta wa makiyaya Musulmi zama wuri ɗaya aka karɓe dabbobinsu, kimanin mutum miliyan 1.5 ne suka mutu, ciki har da fiye da kashi ɗaya cikin uku na al'ummar Kazak. Yukren na kiran abin Holodomor, kuma tun 2006 dokarta ta ayyana shi kisan ƙare dangi. Rasha ba ta yarda ba, tana cewa yunwar ba ta ware ƙabila ba. Masana tarihi suna jayayya a kan niyya, amma babu jayayya a kan cewa rumbun kolkhoz ne ya sa aka iya kwashe abincin ƙauye ƙaf.

A Disamba 1932 kuma aka ƙirƙiro fasfo na cikin gida, wanda sai da shi mutum zai zauna a birni. 'Yan birni suka samu, 'yan kolkhoz ba a ba su ba. Mai son tashi sai ya nemi takardar izini daga hukumomin ƙauye, waɗanda ba sa son rasa hannun aiki. Yaro in ya kai shekara 16 sunansa ya shiga littafin ƙungiya. Miliyoyin mutane sun fita duk da haka, ta hanyar aikin soja, ko karatu, ko aure, ko ɗaukar ma'aikata da masana'antu ke yi, amma kowa ya san alfarma ce aka yi masa. Sai a 1974 aka yanke shawarar ba 'yan ƙauye fasfo kamar kowa, aka raba shi daga 1976 zuwa 1981.

Bayan yunwar gwamnati ta yarda cewa ba a rayuwa da sanduna. Kundin ƙa'idojin kolkhoz na 1935 ya tabbatar wa kowane gida ɗan fili a bayan ɗaki, daga rubu'in hekta zuwa rabi, a wasu yankuna har hekta ɗaya, da izinin saniya ɗaya da maruƙa biyu, tumaki da awaki har 10, alade da 'ya'yanta, kaji ba iyaka, da amya 20. Tun 1932 kuma an buɗe kasuwannin da ake kira kasuwar kolkhoz, inda manomi zai sayar da abin da ya rage masa a farashin da aka daidaita tsakaninsa da mai saye.

Bahaushe manomi zai gane fasalin nan da kallo ɗaya: gandu ne da gayauna. Da safe kowa ya fita gonar gida, da la'asar ko ranar hutu ya koma 'yar gonarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Amma gandu yana da sharuɗɗa a kan maigida. Shi ke ciyar da masu aiki daga rumbun gandu, shi ke ba da iri da fartanya, shi ke biyan haraji, shi ke ɗaukar nauyin auren ɗansa, kuma ɗan da ya ga zaman bai yi masa ba yana iya ware gonarsa. Kolkhoz ta ɗauki aikin gandu ta bar nauyinsa. Gayauna ce ke ciyar da mai aikin, har ma a bi ta da haraji, ƙofar fita kuma a rufe. Akwai wani gandun da ya fi kama da wannan, shi ne na rinjoji a ƙasar Zazzau da Kano kafin zuwan Turawa, inda bayi ke noma gonar ubangidansu su kuma riƙe 'yan filayensu. Manoman Rasha da kansu ta wannan fuskar suka kalli abin. Kakanninsu sun yi zaman bauta a ƙarƙashin masu filaye har 1861, suna yi wa ubangida aikin da ake kira barshchina, kuma wannan sunan suka riƙa kiran aikin kolkhoz da shi. Harufan sunan jam'iyya, VKP, suka mayar da su farkon wasu kalmomi uku na Rashanci masu ma'anar bauta karo na biyu.

'Yan filayen nan sun yi abin mamaki. A shekarun 1970 ba su fi kashi 3 cikin ɗari na ƙasar da ake shukawa ba, amma kusan rubu'in amfanin gonar tarayyar daga cikinsu yake fitowa, fiye da rabin dankalin Turawa, da kusan kashi ɗaya cikin uku na nama da madara. Masu sukar gurguzu suna son wannan lissafi, kuma suna da gaskiya, sai dai akwai abin da ake tsallakewa. Saniyar bayan gida a makiyayar kolkhoz take kiwo, ciyawarta da dusarta daga gonar ƙungiya suke zuwa, wani a matsayin lada, wani a ɓoye cikin dare. Gonakin biyu jingine suke da juna. Wanda ya fi shan wahalar haɗa su kuwa mace ce, wadda za ta tatsi shanun ƙungiya da asuba, ta dawo ta tatsi tata, ta yi noman dankali da yamma.

A bakin gwamnati kuwa kalmar ado ce. A 1937 Vera Mukhina ta ƙera mutum-mutumin ƙarfe mai tsawon sama da mita 24 don baje kolin Faris: ma'aikaci ɗauke da guduma, kolkhoznitsa ɗauke da lauje, sun ɗaga su sama tare. Yana nan a Mosko har yau, kuma shi ne tambarin kamfanin fina-finai na Mosfilm. Gonaki suka samu sunaye irin su Tafarkin Lenin, Jan Oktoba, Alfijir. Akwai kuma waɗanda suka yi arziki da gaske, da ake kira kolkhoz miliyoniya, galibi masu ƙasa mai kyau da shugaba mai ƙwazo wanda ya san ƙofofin ofisoshi. Har wani ɗan ƙaramin dangin kankana mai ɓawo rawaya aka raɗa wa suna kolkhoznitsa, kuma da wannan sunan ake sayar da shi a kasuwannin Rasha a yau.

Lokacin yaƙin duniya na biyu manoma da yawa sun zaci Jamusawa za su rushe kolkhoz a yankunan da suka mamaye. Ba su rushe ba, suna kawai suka canja, domin su ma sun ga ta fi komai sauƙin tatsar hatsi. Bayan yaƙi aka yi ta raɗe-raɗin cewa Stalin zai saka wa manoma da sakin filaye. A maimakon haka dokar 1946 ta ƙwato duk ɗan filin da aka ƙara, yunwa ta sake afkawa a 1946 da 1947, haraji ya hau har kan itatuwan 'ya'ya, mutane suka riƙa sare itacen tuffa na bayan gida don kada a ƙirga shi.

Sauƙi ya fara ne bayan mutuwar Stalin a 1953. Aka rage haraji, aka ƙara farashin saye. A 1958 Kurushof, wanda ya gaji Stalin, ya rushe tashoshin taraktoci ya sayar wa gonakin da injunan, abin da ya jefa da yawa cikin bashi. Tun 1950 an fara haɗe ƙananan gonaki, adadinsu ya sauko daga kusan dubu 250 zuwa ƙasa da dubu 30 a shekarun 1980. Fansho na ƙasa ya iso ga 'yan kolkhoz a 1965, mafi ƙaranci rubul 12 a wata, alhali na ma'aikacin birni 30 ne. A 1966 aka kawo albashin wata-wata, zamanin sanduna ya wuce. Daga nan kolkhoz ta zama kusan ita ce ƙauyen: ita ke gina gidaje da wurin renon yara da ɗakin taro, ita ke gyara hanya, ita ke ba da mota in mace na naƙuda, ita ke ba da katako in an yi rasuwa. Ba ta da riba, gwamnati na yafe mata bashi, ɗalibai da ma'aikatan ofis ake kwasowa daga birni duk kaka su tono dankali, ƙasar kuma na sayen hatsi daga waje. Amma ɗan ƙauye ya samu kwanciyar hankalin da iyayensa ba su gani ba. Saboda haka idan dattijuwa a ƙauyen Rasha ta ce zamanin kolkhoz ya fi, ba ƙarya take yi ba, kuma ba ta ƙaryata ɗan Yukren da ke jin kalmar ya tuna yunwa. Ita 1975 take nufi, shi 1933. Wani lokaci a gida ɗaya ake samun tarihin biyu. Gorbachof, shugaban Tarayyar Sobiyet na ƙarshe, kakansa na wajen uwa shugaban kolkhoz ne, na wajen uba kuma an kore shi Saberiya saboda bai cika shukar da aka ɗora masa ba, shi kakan na wajen uwa ma bai tsira ba, an kama shi a 1937.

Tsarin ya bi sojojin Sobiyet zuwa gabashin Turai, kowace ƙasa da nata sunan: LPG a Jamus ta Gabas, JZD a Cekoslobakiya. Yugoslabiya ta watsar da shi a 1953, Foland a 1956. Amma kalmar ta zauna a harshen Foland ta wata ƙofa, inda suke kiran akwatin rediyon nan na bango, mai tasha ɗaya da ba a iya canjawa, da sunan ɗan kolkhoz.

A Rashancin yau kalmar ta fi yawo a matsayin zagi. A ce wa abu kolkhoz, ana nufin ƙauyanci, rashin sanin ado, aikin da ba a iya ba. Mota da aka cika da kwalliya da fitilu masu kashe idon mai tahowa, kolkhoz ce. Kolkhoznik baƙauye ne. Har aikatau aka ƙera daga cikinta, kolkhozit, wato a yi gyaran faci da abin da ke hannu, a ɗaure da waya, a liƙa abin da ba nasa ba. A Belarus 'yan adawa sun daɗe suna kiran shugaban ƙasar Lukashenko kolkhoznik, ko da yake gonar da ya shugabanta kafin ya hau mulki a 1994 sovkhoz ce. Akwai amfani ɗaya da ba shi da dafi, vsem kolkhozom, wato gaba ɗayanmu, kamar a ce mun je biki kwanmu da kwarkwatarmu.

Wannan juyin ma'ana yana damuna, domin zagin ya tsallake tsarin ya sauka kan waɗanda tsarin ya danne. Mutumin da aka hana fasfo shekara 40 da ɗoriya, aka biya shi da layi a littafi, aka ba shi fansho ƙasa da rabin na ɗan birni, shi ake yi wa dariya don bai san sa tufafi ba. Gyaran facin ma yana da tarihi. Makanikin kolkhoz da tarakta ta lalace masa tsakiyar girbi, kayan gyara ba su zo ba kuma ba ranar zuwansu, dole ya ɗaure da waya ko hatsi ya ruɓe a gona. Wannan basira ce ta wanda aka bari ba kayan aiki. Yawancin masu zagin kuma jikokin mutanen nan ne, domin a 1926 fiye da kashi 80 na mutanen tarayyar a ƙauye suke.

A ranar 27 ga Disamba 1991, kwana ɗaya bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, shugaban Rasha na lokacin, Yeltsin, ya sa hannu kan dokar gyaran filaye, aka umarci kowace kolkhoz da sovkhoz ta sake rajista. Aka raba filayen a takarda ga mutum kusan miliyan 12, kowa da pai, wato kasonsa, amma ba a nuna wa mutum inda kason yake a ƙasa ba. Masu tsara gyaran sun zaci jama'a za su ɗauki rabonsu su fita su tsaya da ƙafarsu. Kaɗan ne suka fita. Bayan shekara 60 ba doki, ba tarakta, ba bankin da zai ba da bashi, kuma an raba aikin noma gunduwa-gunduwa har mai tatsa tatsa kawai ta sani, direba tuƙi kawai. Yawancin gonakin suka canja allon ƙofa suka ci gaba da shugabansu na da, wasu suka durƙushe aka kwashe har ƙarfen rufinsu. Dokar ƙungiyoyin noma ta 1995 ta bar kolkhoz a cikin nau'o'in da aka yarda da su, shi ya sa har yau akwai masu rajista da sunan, ciki har da na masunta a gaɓar teku.

Dokar 2002 ta halatta sayar da filin noma, manyan kamfanoni suka bi ƙauyuka suna sayen kason mutane ko karɓarsa haya, sau da yawa da arha. Ƙasar da ta fara sayen alkama mai yawa daga Kanada a 1963 ta zama ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da alkama, Masar da Turkiyya da Sudan da Najeriya duk suna cikin masu saye. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun masu cewa kolkhoz ce ta daƙile noman Rasha. Sai dai kamfanin da ke nome dubban hektoci da 'yan direbobi ƙalilan ba ya buƙatar mutanen ƙauye, makaranta da hanya kuma ba nauyinsa ba ne. Ƙidayar 2010 ta samu ƙauyuka kimanin 19,000 a Rasha da babu ko mutum ɗaya a ciki. A waɗanda suka rage, mutane da yawa har yanzu kolkhoz suke kiran kamfanin da ke noma filin, kuma hayar kasonsu galibi da buhunan hatsi ake biyansu bayan girbi, su ciyar da dabbobin bayan gida.